Gidan da Ba Ya Jin Sallama

Yayana Muntaka, Allah Ya jiƙansa, mutum ne mai kunne. Ba kunnen jin shawara nake nufi ba, wannan kam bai samu ba. Kunnen jin ƙara. Tun muna yara a Garwa, in Inna tana daka sai ya toshe kunnuwa ya fice, in zakara ya yi cara ya bi shi da jifa. Abin haushin, sana'ar da ya gada wurin Baba ba ta masu son shiru ba ce. Mai masauki ne. Fulanin da ke kawo shanu daga wajen Ngawundere a gidanmu suke sauka, ya ba su ɗaki da tuwo, ya raka su kara, kasuwar shanu, ya haɗa su da mahauta. Ba shi da saniya ko ɗaya, jarinsa kawai baƙin da suka yarda da shi.

Babba a cikinsu Ardo Sali ne, wani dogon tsoho da ke sauka gidan tun Baba na da rai. Inda ya ajiye sandarsa, nan sauran masu shanu suke ajiye tasu. Yaya yana kiransa Baffa, kuma da gaske yake sonsa. Ardo ba ya ɗaga murya, ko saniya yake kira sai ka kasa kunne.

Zamanin Shugaba Ahijo gari ya buɗe. Aka shimfiɗa kwalta ta ƙofar gidanmu, manyan motoci suka fara wucewa suna kuka kamar ana yanka su. Maƙwabcinmu Norbert ya kafa injin niƙa. Kowane mai shago ya sayi rediyo, ya ƙure shi don a san ya saya. Yaya ya daina samun barcin rana, ya koma ɗaure kai da tsumma yana yi wa matansa faɗa a kan ƙarar cokali.

Sai aka haɗa shi da wani magini ɗan kudu, Barthélemy, mu dai Batalami muke ce masa. An ce ya taɓa aikin ɗakin ɗaukar murya a Yawunde. Mutumin ya iya aikinsa, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya yi wa gidan bango biyu, ya bar fili a tsakani ya ɗura ƙaiƙayi da ragowar auduga. Ya toshe tagogin da ke kallon titi ya fasa wasu ta tsakar gida. Ƙarƙashin kwanon rufi ya jera zana. Zauren nan namu da ke miƙe ya karkata shi, sai ka sha kwana sau biyu kafin ka shiga, ya sa ƙofa mai kauri da ya liƙa wa robar taya a gefe. Ranar gwaji ya tsaya a waje yana dukan tasa da ƙarfe, Yaya na ciki bai ji komai ba. Ya fito yana washe baki, ya ba shi rago.

Batalami ya ce: "Patron, saura abu ɗaya. Bari in ɗaura maka ƙararrawa da igiya, baƙo ya ja."

Yaya ya ce: "Ƙararrawa? Gidana ba mishan ba ne. Mu sallama muke yi."

Ina wurin. Na ce masa, "Yaya, to sallamar ta ina za ta shigo?" Ya ce in tafi gidan mijina in yi wa tukunya wayo.

Da kaka ta yi, Ardo Sali ya iso da rana tsaka. Yaran gidan duk suna lakwal, wato makarantar boko, babu wanda zai shiga ya faɗa. Babur ɗin Yaya yana jingine a ƙofa, wanda kowa ya san ma'anarsa maigida na ciki. Ardo ya tsaya a bakin zaure ya yi sallama, ya saurara. Ya sake. Ya yi ta uku. Mai shagon da ke tsallaken titi ya ce ya ga tsohon ya daɗe yana kallon babur ɗin, sannan ya gyara sandarsa a kafaɗa ya juya. Bafulatani irin Ardo ba ya ƙwanƙwasa ƙofa, ba ya leƙe, ba ya yin ta huɗu. Ya wuce gidan Uba, wani mai masauki a unguwar Jambutu, mutanensa duka suka bi shi. Yaya kuwa yana ciki yana barcin da ya ce bai taɓa yin mai daɗinsa ba.

Washegari ya ji labari a kara. Ya ruga Jambutu ko hula babu, ya durƙusa gaban tsohon. Ardo ya gaishe shi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, har ni ya tambaya. Maganar jiya ko alama.

Yaya ya ce: "Baffa, wallahi ban ji ba. Bangon ne. Sabon gini na yi, sauti ba ya ratsa shi."

Ardo ya ce: "Wa ya sa aka yi bangon?"

"Ni ne, Baffa."

"Don me?"

"Don kada in ji hayaniyar waje."

Tsohon ya gyaɗa kai a hankali. "To ai ya yi kyau, ɓingel am, ɗana. Abin da ka biya a yi maka, an yi maka." Ya sa aka kawo masa nono, ya sallame shi da mutunci.

Na so Ardo ya zage shi, wallahi da ya fi sauƙi. Yaya ya dawo ya cire ƙofar roba, ya fasa taga ta titi, har ƙararrawar da ya raina ya aika Batalami ya ɗaura. Babu wanda ya ja ta sai yara. Ɗakunan baƙi suka zauna a share ba kowa. Daga nan ya fito da tabarma bakin kwalta, yana zama tun safe har magariba tsakanin injin Norbert da motoci, don kada wata sallama ta sake wuce shi. A haka ya tsufa. Ciki kuwa matansa da awaki suna shan barcin rana.

Duk shekara Ardo yana bi ta ƙofar da shanunsa zuwa Jambutu. Yaya ya miƙe, Ardo ya ɗaga hannu, shi ke nan. Shekarar ƙarshe da ya zo, ya tsufa ƙwarai, sai ya tsaya. Ya tsallako har bakin tabarma, ya dubi Yaya, ya dubi zauren, ya faɗi wata magana da muryar nan tasa. Daidai lokacin wata motar auduga ta taho da tirela, ƙasa na rawa.

Da ta wuce Yaya ya ce: "Na'am, Baffa?"

Ardo ya ɗan jira, ya yi murmushi, ya bi shanunsa.