Gefen da Gara Ta Ci

Hoton marigayi Baba guda ɗaya tak muke da shi, na takardar tuƙi ne aka ƙara masa girma. Inna ta ɓoye shi a gindin adaka, ƙarƙashin zannuwanta, wai kada yara su ɓata. To, daminar Gaya ba ruwanta da ɓoyo. Ranar da muka buɗe adakar muka tarar danshi ya shiga, gara ta biyo baya, ta cinye rabin fuskar tun daga hula har haɓa. Gefensa na hagu kaɗai ya rage, ido ɗaya yana hararar mu kamar mu muka aiko ta.

Inna ba ta yi kuka ba, amma tuwo ya daina wuce mata. Abin da take so ba shi da yawa: ta rataya mijinta a bango, jikoki su san fuskar kakansu.

Sai autanmu ya ce a bar masa aikin. Malamin lissafi ne a kwaleji, duk unguwa Mushe ake ce masa, wato malam da Faransanci, har Inna in tana son tsokanarsa. Ni ce babba, a bayana ya girma, amma tunda ya fara sa tabarau ban isa in yaba abu ba sai ya kawo mini dalili. In na ɗauko atamfa daga kasuwar Malanbil na ce kai, wannan ta yi kyau, sai ya ce ai don zanen yana maimaita kansa daidai ne. Ni kuma in ce to kai ma kullum maimaita kanka kake yi, me ya hana ka kyau?

Ya zaunar da mu a tsakar gida ya yi mana darasi. Kyau, in ji shi, awo ne kawai. Goshi da hanci da haɓa kashi uku ne daidai, faɗin fuska ido biyar, hagu kuma madubin dama. Saboda haka ba abin da gara ta ci wanda lissafi ba zai maido ba: a ɗauki gefen da ya rage, a juya shi a ordinatar, wato kwamfuta, a manna. Na ce Allah ya taimaka, ni dai ko kunnuwana ba su zo daidai ba, ƴan kunnena shaida ne.

Wallahi da ya kawo shi cikin gilashi sai da na riƙe baki. Wani santalelen mutum, gira a jere, hanci kamar an ja da zare, ka ce ɗan takarar depite mai neman kujerar majalisa. Ashe har hancin ya taɓa, wai ya ɗan kauce wa layi. Maƙwabta suka cika gida suna tubarkalla. Wata tsohuwa da ta san Baba tun yana yaron mota ta ƙura ido, ta ce lalle mutuwa tana gyara mutum.

Inna ta daɗe tana kallo.

"Mushe, wannan baƙon daga ina? A ba shi ruwa mana."

"Baba ne, Inna."

"Da wannan na aura, da matan tasha ba su bar ni na runtsa ba."

Muka bushe da dariya. Auta ya fara kare kansa da awo, ta ɗaga masa hannu. Ta ce a zamaninsu mace ba ta tsura wa miji ido, kunya ba ta bari. Wuri ɗaya take samun kallonsa ta ƙoshi: gaban kamyo, babbar motarsa ta kaya, in zai kai ta Tanda ganin gida. Idonsa na kan hanya, ita kuma tana satar kallo. Gefen hagun direba na taga ne, in ji ta, na rana da jandarma da ƴan duwan, wato kwastan, nan yake ajiye fuskar neman a bar shi ya wuce. Nata gefen dama ne. A can fatar ido ta ɗan sauko, ga tabon ƙarfen cire taya a kunci, ga baki da ke karkacewa in yana danne dariya.

"Gefen ƴan duwan ka ninka mini," ta ce.

Auta akwai surutu, amma ba shi da girman kai. Ya ɗauko ordinatar ya zauna kusa da ita a tabarma, ya ce ta faɗa, shi zai ja. Ta ce a sauke ido. Ya tambaya kamar nawa, ta ce kaɗan dai, kamar gishiri a miya. Ya yi tsaki ƙasa-ƙasa, ya sauke. Aka sa tabo, ta ce ba nan ba, aka matsar. Ina gefe ina yi masa shaƙiyanci, ina cewa yau lissafi ya shiga madafa.

Da aka zo baki, ya ce sama yake karkata ko ƙasa?

Inna ta buɗe baki za ta amsa, sai ta fasa. Ta ɗora yatsa a gefen leɓenta, ta tura sama, ta ja ƙasa, ta sake turawa. Na rufe ido in taya ta tuno fuskar Baba, ni da na yi shekaru ina kai masa ruwan alwala, amma ba wanda na gani sai wannan santalelen na cikin gilashi. Tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye ba.

"Da safen nan na sani," in ji Inna. Ta juyar da kai. "Auta, ɗauke mini shi. Gara ta ci rabi, wannan kyakkyawan zai cinye mini sauran."

Auta ya miƙe. Ya rufe ordinatar, ya kifa gilashin a ƙirjinsa, ya fita da shi zaure. Inna ta sa na miƙo mata tsohon hoton. Ta jingina shi da bango, ta ja kujerarta, ta zauna ta gefen damansa da babu komai, kamar a gaban kamyo.