Wa Ya Taɓa Bindigar Baba?

Mahaifina mai gyaran kwado ne da yanka makulli. A wata 'yar rumfa ya ƙare ƙuruciyarsa, tsakanin mai gyaran agogo da mai ɗinkin takalmi, kuma duk wanda ya zo wurinsa ko dai an yi masa sata, ko yana jin za a yi masa. Wanda ya tsufa yana sauraron irin waɗannan labarai ba ya yarda da kowa. A gidanmu har gwangwanin sukari kwado gare shi. In baƙo ya yaba ƙofarmu, Baba zai bi shi da kallo har ya sha kwana, sannan ya ce da Mama, "Kin ga yadda ya ƙare wa sakatar nan kallo?"

Da ya bar rumfa, likita ya ce lallai ya riƙa tafiyar ƙafa da safe.

"Tafiya ba dalili?" in ji Baba. "A ce ina leƙen gidajen mutane?"

Kawu, yayan Mama, shi ya samo masa dalilin. Manomi ne mai harbin tsuntsaye, kuma shi kaɗai ne mai iya zolayar Baba ya kwana lafiya. Ya zo da wata tsohuwar bindigar toka naɗe cikin buhu, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki.

"Me ya same ta da za ka ba ni?" Baba ya tambaya.

"Tsufa, irin naka. Karɓi, Mai Makulli, ba ta cizo."

Baba ya duba ta gaba da baya, ya shinshina bakinta, ya je aka yi masa takardar izini, sannan ya yarda a koya masa. Ina zaune a baranda ina tsince wake lokacin da Kawu ya nuna masa: albarushi awo ɗaya, tsumma a kai, a danna da sandar ɗuri, sai ƙananan ƙwayoyin dalma, sai wani tsumman. Daga nan Kawu ya daina dariya. Ya ce bindigar nan ba ta nuna abin da ke cikinta. In mutum ya yi ɗuri a kan ɗuri, ba tsuntsu zai harba ba, fuskarsa zai harba. Don haka ake yi wa sandar alama: a zura ta, in alamar ta tsaya daidai baki, ɗuri ɗaya ne. In ta ɗago sama, kada yatsa ya kusanci kunamar bindigar.

Kawu ya zaro wuƙa zai yi alamar, Baba ya riƙe hannunsa. Ya shiga ɗaki ya ɗauko magagarinsa na yanka makulli, ya yi ta da kansa.

"Kuma a daji ake ɗuri," in ji Kawu, "ba a gida ba."

Wannan ce kaɗai Baba bai ɗauka ba. Wai a daji ba ka san wanda ke bayan itace yana kallon awonka ba.

Farkon fitarsu abin dariya ne. Baba ya dawo fuska baƙi ƙirin da hayaƙi, kafaɗa a kumbure, jaka wayam. Kawu ya ce kurciyoyin yankin sun aiko da godiya. Baba ya ce an gaya musu zuwansa ne. Amma ranar da ya kawo fakararsa ta farko, da kansa ya fige ta, yana waƙa ƙasa-ƙasa. Ban taɓa jin Baba yana waƙa ba sai ranar. Ya rage ƙorafin gwiwa, ya riƙa cin abinci sosai. Mama ta ce, "Allah Ya saka wa Yaya."

Sai wata safiya, suna shirin fita, Baba ya zura sanda kamar yadda ya saba, alamar ta tsaya sama da baki da kusan yatsa biyu. Kawu na tsaye kusa, shi ya shigo ya tarar da bindigar jingine a baranda lokacin da Baba ke ciki yana neman hularsa.

"Wa ya taɓa ta?"

"Wa zai taɓa ta? Sauke ta, mu zare ɗurin a hankali."

"Kai kaɗai na bari da ita."

Kawu ya yi dariya, ya ga Baba bai yi ba. "Mai Makulli, ni? In kashe ka in ci gadon me, tsofaffin kwaduna?"

"Ban ce komai ba. Na ce kai kaɗai na bari da ita."

Kawu ya zare ɗurin biyu da wata murɗaɗɗiyar waya, ya zube su gaban Baba, ya sa takalminsa. Ko sallama bai yi wa Mama ba. Daga ranar ya ɗauke ƙafa.

Mama ce ta fi shan wahala. Yayanta ke nan da ya riƙe ta tun rasuwar iyayensu, ga kuma miji. Ta yi magana sau ɗaya, Baba ya ce, "Dama ai jininku ɗaya." Daga nan nakan ga tana ɗebe abinci a kwanon Kawu, sai ta tuna, ta mayar tukunya.

Baba ya haɗa akwati mai kwado uku, ya rataya makullan a wuya. Ya ci gaba da fita shi kaɗai. Bayan 'yan makonni abin ya sake faruwa. Wannan karon babu Kawu, don haka zargi ya bazu cikin gida kamar hayaƙi. Ya ce an kwafi makullansa da sabulu. Ya binciki sabulun wanka. Ya tambayi Mama yaushe ta je gidan yayanta. Ni ma da yake kira Uwata, saboda sunan mahaifiyarsa da na ci, ya kalle ni ya ce, "Ke da kika yi boko, ba abin da ba za ki iya ba."

Maganar ta yi mini zafi, sai ni ma na koyi halinsa. Na fara sa ido. Kullum da safe nakan zauna bakin taga da ɗinkina, ina kallon baranda.

Ranar da na gani, Baba ya gama ɗuri tsaf, har ya danna tsumma na biyu, sai maƙwabciyarmu ta yi sallama, makullinta ya karye a cikin kwado. Baba bai taɓa iya ƙin kwado ba. Ya kulle bindiga a akwati, ya je, ya dawo yana mita kan makullan zamani. Ya buɗe akwati, ya tsayar da bindiga, ya ɗauko ma'aunin albarushi.

"Baba, ka riga ka ɗura."

"Ban ɗura ba."

"Ka ɗura, ina kallo."

"Au, kallona kike yi? Wa ya sa ki?"

Na ce, "Kada ka yarda da ni, Baba. Zura sandar. Kai ka yi alamar."

Ya harare ni, ya zura. Alamar ta tsaya daidai baki. Ya zare, ya sake zurawa. Ya taɓa makullan da ke wuyansa ɗaya bayan ɗaya. Sai ya zauna a kan akwatin, ma'aunin na hannunsa, albarushi na zuba a kan ƙafarsa bai sani ba.

"Rannan ma," ya ce a hankali, "hula na shiga nema."

Bai fita harbi ba. Bai ci abincin rana ba. Da la'asar ya sa rigarsa ta fita, ya ɗauki gwangwanin albarushi da ma'auni, ya ce in raka shi. Muka sami Kawu a ƙofar gida yana gyaran fartanya. Bai ɗago ba.

Baba ya ajiye gwangwanin a gabansa. "Wannan ya zauna wurinka. Bindiga na wurina. A daji za a riƙa ɗuri."

"Wurin wanda ya so kashe ka?"

"Na gano mutumin."

"To? Wane ne?"

"Wani tsoho ne. A gidana yake kwana."

Kawu ya ajiye fartanyar. Sannan ya matsa, ya ba shi gefen benci, ya tura ni in gaya wa Mama gobe zai zo karyawa.

Daga baya mantuwar ta ƙaru, har ta kai Baba kan tambaye ni sunan titin da rumfarsa take. Ni nake riƙe masa irin waɗannan yanzu. Amma harbi bai bari ba, don Kawu ke ɗuri, shi kuma ya zura sanda ya duba alamarsa. Jiya na ji su a ƙofa za su fita.

"Ka auna a gabana, Maharbi," in ji Baba.

"A gabanka nake aunawa kullum."

"Haka kake cewa."