Cokulan Kakanmu Sun Koma Riruwai

Bebeji

Ƙarfe biyar da rabi, ana idar da sallar Asuba, na fito rungume da ɗan akwatin nan mai jan ƙyalle a ciki. Cokulan shayi shida ne na azurfa, waɗanda wani Baturen kuza ya bar wa kakanmu, kukunsa. A 'ya'yan kaka Gwaggo Hanne kaɗai ta rage a Riruwai. Tsufa ya rikita ta, ba ta gane kowa, sai cigiyar cokulan babanta. Ni kuwa sarkin iyawa, ganin sun yi baƙi, kwana biyu na yi ina dirzarsu da toka da lemon tsami har suka koma kamar madubi.

Kwanar Ɗangora zuwa Doguwa

Bakwai saura muka bar Kwanar Ɗangora, mu huɗu a kujerar bayan mota. Na karya da ƙosai a Tudun Wada. A shingen Dajin Falgore wani jami'i ya buɗe akwatin, ya tambaya ko gidan amarya za ni. Na ce amaryar ta haura tamanin. Daga nan sai kore ko'ina da hazon damina a kan duwatsu, ina gyangyaɗi ina hango kaka cikin farin kayan aiki, mutumin da ban taɓa gani ba.

Riruwai

Sha ɗaya da kwata ɗan acaɓa ya sauke ni. Na durƙusa na gaishe da Gwaggo, na buɗe mata akwatin. Kallo ɗaya ta yi masa ta ture.

"Na kanti ne waɗannan. Na Baba baƙaƙe ne."

Wallahi da hannuna na goge mata alamar uba. Surukarta ta kawo min shayi a kofin tangaran. Don takaici na zari cokali ɗaya ina juya sukari, yana ƙara siririya a jikin kofin. Gwaggo ta ɗago kai.

"Sake juyawa, 'yar nan."

Na sake. Ta lumshe ido, ta ce haka suke ji daga bayan kicin kowace safiya in Bature na juya shayinsa, ita da yayanta, ubana kenan, suna jiran ragowar burodi. Ta miƙo hannu ta karɓe cokalin, har na yi sallama washegari bai bar tafinta ba.

La'asar sakaliya na iso Bebeji. Na gode wa Allah da Ya kai ni tana da sauran ji.