Ƙullin Bahago a Kogon Panzani

Duk mutanen Chokaani sun san Shaame Faki bahago ne. Da hagu yake jefa ƙugiya, da hagu yake farke cikin kifi, da hagu yake riƙe sandar tuƙin jirginsa. Amma in ya zo ɗaure igiya sai ya sauya hannu. Yakan dakata, ya mai da igiyar dama, ya yi ƙullin a hankali kamar mai koyo. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana haka, ba a kuwa taɓa jin wani ya yi zancen ba. Mutum ya doshi sittin, in ya yi nawa wurin ƙulli ai sai a ce tsufa ne.

Gidansa na uku ne daga masallaci, yana da itatuwan kanumfari bakwai da ya gada, da mata ɗaya, Bi Mboja, da 'ya'ya mata huɗu, babbarsu Time. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, don haka kawunsa Mzee Mcha ne ya koya masa teku, tare da Pandu, ɗan kawun. Mzee Mcha ya sha buge masa hannu da igiya don ya daina ƙulli da hagu, har ya gaji ya ƙyale shi. Ƙullin Shaame yakan fito a juye, bakin igiyar yana kallon inda na kowa ba ya kallo, amma yana riƙewa.

Daga Chokaani zuwa Panzani tafiyar sa'a uku ce in iska ta yi kyau. Ba mai zama a tsibirin. Farin rairayi ne ta yamma, sauran kuwa tsayayyen dutse ne da ruwa ya cinye gindinsa. Ba rijiya, ba kwakwa ko ɗaya. Sai kogo, a cikin kogon kuma randuna uku tun na kakanni. Duk jirgin da ya bi ta nan da rarar ruwa yakan zuba, ya mai da murfi, ya ɗaure. A saman dutsen akwai sanda da farin ƙyalle. Muddin ƙyallen yana sama, akwai ruwa. Wanda larura ta sa ya shanye, sai ya bar randunan a buɗe, ya hau ya sauke ƙyallen, ya isa gari ya faɗa. Ba a wanka da ruwan, ko alwala ba a yi da shi, mai salla ya yi da na teku.

A shekarar da abin ya faru, Shaame ya fara kai baƙi yawo. Irin baƙin nan ne masu tambayar inda ba otal, ba hanya, ba sawun kowa. Ƙarshen iskar arewa ya samu uku, mata biyu da namiji ɗaya, suna ɗan jin maganar garin. Ya kai su Panzani da hantsi. Suka hau dutse, suka sauko, suka shiga kogon har ƙurya inda jemagu suke, suka yi ninƙaya har fatarsu ta yi ja. Da za su fito namijin ya taka kaifin dutse, ƙafarsa ta tsage. Shaame ya kwance randar farko ya wanke masa ciwon. Wannan kam ba wanda zai ga laifinsa.

Ɗaya daga cikin matan ta tambayi na wane ne randunan. Ya ba su labari, ya ƙara gishiri, suka yi ta mamaki suna ɗaukar hoto, shi da randa da moɗar ɓawon kwakwa. Bai taɓa ganin ana sauraronsa haka ba. Da matar ta ce gishiri ya ƙame mata a gashi, tana dariya, ba ma roƙo ta yi ba, sai ya ji bakinsa yana cewa, "Ai ku baƙina ne, sunkuya in zuba miki."

Shi da kansa ya riƙe moɗar. Ta wanke kai, 'yar'uwarta ta wanke, aka ɗauraye riguna da gilasan shiga ruwa. Rani ya riga ya ci rabin ruwan, kafin ya ankara moɗar tana ƙwanƙwasar gindin randa ta uku.

Baƙin suka koma jirgi. Shi kuma ya tsaya a gindin hanyar da ke hawa wurin ƙyallen, ya daɗe yana kallon sama. In ya sauke, kafin azahar ta gobe kowane masunci ya gani. Kawu Mcha zai kira shi ya ce, "Guguwa ce ta tsare ku?" Me zai ce? Gashi aka wanke? Ya koma cikin kogon ya mai da murafe, ya ɗaure su tsaf, ya bar ƙyallen yana kaɗawa. A ransa ya ce jibi zai dawo da jarka shida, ba wanda zai ji, ba wanda zai gani.

Washegari ya kai baƙin tashar jirgin birni. Jibin da ya ɗiba wa kansa, iskar kudu ta sauko tun asuba, mako biyu kafin lokacinta. Teku ta yi fari fat da kumfa, aka ja jirage sama da rairayi. Da aka ƙirga, jirgi ɗaya bai dawo ba, na Pandu, yana tare da mahaifinsa Mzee Mcha da wani maƙwabcinsu.

Kwana huɗu gari yana addu'a Allah ya sa sun samu Panzani. Shaame kaɗai yake addu'ar Allah ya sa ba can suke ba. Bi Mboja ta ajiye masa rogo da miyar kifi, ta ɗauke, ta sake ajiyewa.

"Baban Time, ka ci mana. In dai sun hango ƙyallen nan ai sun tsira, ruwa kuwa akwai."

Ya tashi ya fita.

Ran na biyar iska ta lafa. Jirgin Shaame ne ya fara shiga ruwa, da jarkoki shida. Can Panzani suka same su a bakin kogon. Sandar da ke riƙe zanen kama iska na jirginsu ce ta karye. Da sun saki jiki iska ta kwashe su, yini da kwana za su faɗa gaɓar ƙetare inda akwai mutane. Amma Mzee Mcha ya hango farin ƙyalle ya ce ga ruwa can, sai suka yi ta fama da filafili har suka kai. Raɓar da ke kan dutse suka riƙa lasa, da ɗan yayyafin da suka tara a riga. Sauran biyun suka jure. Tsohon an kawo shi gida da ransa, leɓɓansa a tsattsage, ya kwana biyu ya cika.

Bayan jana'iza aka shiga tambayar wanda ya shanye ruwan ya bar ƙyalle a sama. Wani ya ce watan jiya ya ga hayaƙin masuntan ƙetare a tsibirin. Shi ke nan magana ta zauna. Mutanen da iyayensu suka saba yada zango a Panzani duk shekara, aka aika musu cewa kada a sake ganin ƙafarsu. Shaame yana zaune a wurin, yana kallon yatsun ƙafarsa.

Tun daga ranar, duk wata sai ya kai ruwa Panzani, ko akwai baƙi ko babu. Baƙi har yau yana kai su, yana nuna musu rairayi da jemagu, amma jarkarsu daban, kuma ba ya bari su zauna kusa da randunan. Gari ya sa masa suna Mai Randa. Liman ya taɓa kawo shi misali a huɗuba, a kan mai aikin alheri ba don a gani ba. Ranar bai iya cin abincin rana ba.

Makon jiya wasu dattawa biyu suka zo daga ƙetare, suka zauna a dakalin masallaci suna roƙon a buɗe musu Panzani. Ɗayan, wani siririn tsoho mai ido ɗaya, ya ce ubansa ma ya zuba ruwa a randunan nan, ya ce a kawo Alƙur'ani ya dafa. Wani matashi ya ce, "Baba, ai ɓarawo ma yana da hannun dafawa," aka yi dariya. Tsohon ya sunkuyar da kai yana gyara hularsa. Aka ce su dawo Juma'a bayan salla a yanke magana, amma kowa ya san abin da za a yanke.

Ran Laraba da safe Shaame ya sami Pandu a gindin mangwaro yana ɗinkin raga. Ɗan kawu da ɗan gwaggo ne, ba sa haɗuwa ba tsiya.

"Mai Randa, yau ba a kai wa jemagu shayi ba?"

"Kai dai ɗinka ragarka. Kifin da ka kawo jiya, kyanwarmu ta shinshina ta wuce."

"Kyanwar gidanka ai ta saba da abincin Turawa. Zauna mana, ka tsaya mini a kai kamar mai kawo sammaci."

Shaame ya zauna a kan wani kifaffen kwale-kwale. Ya ɗauki gefen ragar, ya ajiye. Maganar da ya shekara goma sha ɗaya yana shiryawa ta watse, sai guntayenta.

"Pandu, ruwan nan. Na shekarar Kawu. Ba mutanen ƙetare ba ne."

Pandu bai ɗaga kai ba, allurar katako tana shiga tana fita.

"Ni ne. Baƙi na kai, na zuba musu suka wanke kai. Na ji kunyar sauke ƙyallen, na ce jibi zan dawo."

"Wanke kai," in ji Pandu. Ya ja zaren ya tsinke shi da haƙori. "Wannan ne ban sani ba. Na yi ta tunanin ko dafa musu shinkafa ka yi."

Shaame ya dube shi.

"Wa kake tsammani ya kwance murafen? Ni ne. Na kwance ta farko ba komai, ta biyu ba komai. Ta uku Baba ya ce kada in kwance, in jawo masa ita ya gani. Ya shafa ƙullin ya ce, 'Shekara nawa ina bugun hannun nan bai ji ba.' Duk Chokaani wa ke ƙulli a juye in ba kai ba? Ko ka zaci don ka koma ɗaurewa da dama kamar sabuwar amarya na manta?"

"Me ya hana ka faɗa?"

"Shi ya hana ni. Ya ce in bar ka ka faɗa da bakinka, yaron kirki ne, kunya ce ta kama shi. Ya zaci mako guda za ka yi."

Shaame ya rufe fuska da hannu biyu. Wata mata ta wuce da tiren ƙosai tana gaishe su, Pandu ya amsa musu su biyu.

"Kada ka yi mini kuka a kan raga, gishirin da ke jikinta ya isa. Ni ma ina da nawa kason. Ina zaune aka kori bayin Allah, ina zaune makon jiya aka yi wa tsohon nan dariya. Na ce alkawari na riƙe wa Baba. Wani lokaci kuma ina ganin daɗin kallonka nake ji kana jigilar jarka."

"Ka yafe mini?"

Pandu ya daɗe yana neman wata ɓula a ragar.

"Wata rana in na tashi sai in ji na yafe. Wata rana in na hango ka a rijiya sai in ji kamar in tura ka ciki. Yau ban sani ba tukuna, ko kumallo ban karya ba." Ya miƙa masa gefen ragar. "Riƙe nan. Juma'a kai za ka miƙe, a gaban tsohon nan mai ido ɗaya. Sunan Mai Randa zai tafi, ka sani. Wataƙila baƙin ma a hana ka kaiwa."

"Na sani."

"Zan zauna kusa da kai. In ƙafarka ta ƙi tashi in ɗaga ka da wuyan riga. Ka fara gaya wa Maman Time kafin ta ji a bakin mata, in ba haka ba ba ruwana da abin da zai same ka."

Suka gama gefen ragar. Da Shaame ya sauka bakin teku ruwa ya fara kawowa, jirginsa yana ta bugun na maƙwabci. Ya shiga har gwiwa ya jawo shi gaba, ya ɗaure a turke da hannun hagu, bai ma lura ba. Sannan ya ɗauki jarka biyu ya nufi rijiya. Akwai mata huɗu a gabansa, ya ajiye jarkokin a layi ya tsaya yana jira.