Injin da Aka Rataye a Zaurenmu

Maigidana direba ne, kuma motar tasa ce ta kansa, wata tsohuwa mai bodin katako da ya saya a hannun wani ɗan kasuwar gyaɗa. Da ita yake kwasar dawa da gero daga garinmu Kiyako zuwa Birnin Kudu, ran kasuwa ya nufi Sara, wani lokaci har Basirka. A shekarun da aka daina fam aka koma naira ne, kuɗin mai ya shigo ƙasa, sababbin motoci suka cika titi suna wuce tasa fuu. Ita kuwa ta gaji. Hayaƙi baƙi ƙirin take fitarwa, in ta zo hawa sai fasinja sun sauka sun tura.

Kowa ya ce ya kai ta Kano a gyara injin. Ya ƙi. Wai ba mai buɗe mata ciki sai shi. Mutumin nan, Allah ya jiƙansa, akwai taurin kai. In ya kafe, ko liman ka turo masa sai dai ya sha ruwa ya koma. Ya je Kanon dai, amma kayan gyara kawai ya sayo, su fistan da zobbansu, ya dawo yana ta murna.

Lokacin hadari ya fara haɗowa, shi kuma ba ya son ruwa ko yashi ya taɓa injin. Sai ya kira gayya kamar ta noma. Ni na tuƙa musu tuwo, su suka cire injin a gindin tsamiyar ƙofar gida, suka ɗora a amalanke, suka turo shi cikin zaure har suna gutsure bakin ƙofa. Zauren nan mahaifinsa ne ya gina shi, rufin ƙasa ne a kan azara, kuma ta nan kaɗai ake shiga gidanmu, ta nan ake fita.

Da fari a ƙasa yake aikin. Ya kwashe mini faya-fayai ya shanya ƙarafa a kai, ya wanke kusoshi da kananzir a kwanon tuwona. Na yi faɗa har na gaji. Ashe wannan duk wasa ne. Wata safiya ina shara na ji ƙwas, ƙwas, a sama. Na ɗaga kai, sai ga mutum tsaye a kan zaure da dagi yana huda rufin.

Na ce, "Maigida, lafiya? Rufin kake hudawa, ga damina a kai?"

Ya ce, "Ta ƙasa zan ɗaure shi, dole in ɗaga. Ina gamawa zan toshe."

Ya gicciya ƙarfen sifirin mota a kan rufin, ya zuro sarƙa ta ramin, ya kife darona a kai ya danne da dutse. Maƙwabta suka taru suka ja, inji ya tashi sama har daidai ƙirjin mutum. Shi kuma ya shimfiɗa buhu ya kwanta a ƙarƙashinsa da sifana.

Tun ranar hankalina bai sake kwanciya ba. Abin baƙi, ƙato, yana ɗigar mai, in iska ta shigo sai ka ga yana juyawa a hankali shi kaɗai. Awakinmu suka ƙi bi ta zauren sai an ja su. Inna, mahaifiyarsa, in za ta fita sai ta yi bisimilla ta bi jikin bango. Ni ba ita nake ji wa tsoro ba, don wucewa take yi. Wanda yake wuni kwance da ƙirjinsa a ƙarƙashin abin, shi nake ji wa.

Sai aka samu wani ƙarfe bai yi daidai ba, dole a mayar Kano a canjo. Aka shiga jira. Na ce to a sauke injin mana kafin ya zo. Ya ce sai an sake tara mutane, kuma kowa yana gona. Ruwa kuwa ya sauka sosai. In na aika masa abinci, kwanon yakan dawo da ɓurɓushin ƙasa a kan murfi. Na nuna masa, ya hure, ya ce ɓera ne.

Abin da ya fi tayar mini da hankali, daga tsakar gida na gan shi. Ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, kowane indararo yana zuba, ban da na zaure. Ko ɗigo babu. To ina ruwan yake tafiya? Na faɗa masa. Ya ce, "Ke dai kin sa wa aikin nan ido." Wallahi na ji haushi, na yi kwanaki ba na ce masa komai sai sannu.

Ƙarfen ya iso. Aka wuni aka kwana ana ruwa, da hantsi rana ta fito. Maza suka cika zaure suna kallon zai ɗaure kusoshin ƙarshe, ina jin hirarsu da dariya. Ina daka a bakin turmi na ɗaga kai. Daron nan ya karkace. Tsakiyar rufin ta lotsa, ruwa ya kwanta a wurin yana ƙyalli. Sannan na ji wata ƙara siririya, ƙiii, ta yi shiru, ta sake.

A wajenmu mace ba ta shiga zaure in da maza, kuma ba ta kiran sunan mijinta, ko yaro ne mai sunan sai an sa masa laƙabi. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa furta nasa ba. Ranar na yar da taɓarya, ko mayafi babu, na tsaya a bakin zauren na ƙwala masa kira da sunansa na yanka.

Mazan nan kunya ta kama su, suka yi waje kai a sunkuye, wasu ko takalmi ba su ɗauka ba. Shi kuwa ya rarrafo ya fito tsakar gida, fuska duk baƙin mai, ido jawur.

"Hauka kike yi?"

Nuni kawai na yi masa da hannu. Ya juya ya dubi rufin. Ya daɗe yana duba. Na ga faɗan ya zube daga fuskarsa.

Ya ce a hankali, "Ashe da gaske ne. Bari in sassauta sarƙar. In nauyin ya sauka, rufin zai tsaya."

Na cafke rigarsa. "Don girman Allah ka bar shi! Ƙarfe ne fa!"

"Zauren Baba ne," in ji shi. Ya ɓamɓare hannuna ya shiga.

Ƙarar ba ta ma yi yawa ba. Dim, kamar an yar da buhun dawa, sai na ga sararin sama a inda rufi yake. Ban san lokacin da na fara ihu ba. Mazan suka dawo da fartanya, wasu da hannu, suna tonon jiƙaƙƙiyar ƙasa, Inna tana zaune dirshan tana salati. Aka same shi da rai, azara biyu sun gicciye a kan kansa sun tare masa ƙasar. Injin kuwa a kan ƙafarsa ya sauka. Aka kai shi asibitin Birnin Kudu. Ya dawo bayan an yi girbi, amma ƙafar dama, wadda yake taka birki da ita, can aka baro ta.

Da ya ɗan ji sauƙi, wani direba abokinsa ya zo ya wanke injin, ya mayar da shi cikin motar, don ya riƙa jan ta yana kawo mana abin cefane. Maigida ya sa maƙwabta suka ɗauko shi suka ajiye a tabarma ƙofar gida, ni ina leƙe ta bayan zanan da aka kafa a gurbin zauren. Bugu ɗaya ta tashi. Ba hayaƙi, ba gargada, ƙara sumul. Ban taɓa tsanar wani abu kamar yadda na tsani ƙarar nan ba.

Ya rufe ido yana saurare har motar ta hau hanyar Sara, har aka daina jin ta. Sannan ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Kin ji aiki ko?"

Na ce, "Na ji."

Ya ce, "To, kira su su mayar da ni ɗaki."