Uwar da Ta Hana Ɗana Shan Miya

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, rediyo ya sanar da rasuwar Pyo Geum-rye a wani asibiti a Seoul, tana da shekara saba'in da tara. Ƙasa ta san ta a matsayin uwa a shirin barkwanci na talabijin, Gida Mai Jar Ƙofa. Ni na san ta ne saboda ɗana Hwi-chan, wanda ya fito a matsayin autanta daga yana ɗan sha huɗu har ya kai sha takwas.

Yaya Geum-rye, shekara huɗu ina zaune a ɗakin jira na gidan talabijin da kwanon abincinsa a cinyata, ina tunanin makomarsa. Na ga yaran da suka yi suna, suka bar makaranta, shirin ya ƙare aka manta da su. Abin da nake so kawai ya ci jarabawar shiga jami'a. Kin sani, shi ya sa kike korarsa daga hirar manya ki ce ya je ya buɗe littafi. Yakan ce kin fi ni faɗa.

Ana gobe jarabawar aka kira shi ɗaukar shiri. A lokacin ban iya karatu ba, sai da na haura hamsin na koya, don haka ban san abin da ke cikin takardar wasan ba sai da na ga tukunya. A cikin shirin, bikin ranar haihuwar uban gidan ne, an dafa miyar ciyawar teku kamar yadda aka saba a irin wannan rana. Kowa ya san mai jarabawa ba ya shan wannan miya mai santsi, don kada ya zame ya faɗi. Marubutan sun manta. Ni kuwa wace ce da zan tsayar da darakta?

Kin dubi tukunyar, kin dube ni. Da aka fara ɗauka, Hwi-chan ya ɗaga cokali, sai kika buge hannunsa kika janye kwanon.

"Kai, sakarai, ranar haihuwarka ce? Ci shinkafarka gaya!"

Kika kafa kai kika shanye. Masu kallo suka fashe da dariya, darakta ya ce a bar shi haka, amma a sake ɗauka daga wani gefen. Sau shida aka ɗauka, kwano shida kika sha. Da muka haɗu a bakin ƙofa kina riƙe da ciki, abin da kika ce kawai shi ne, "Maman Hwi-chan, idan ya faɗi bayan wannan, ni zan zane shi."

Bai faɗi ba. Shi yana cewa karatunsa ne, ni ban yi masa gardama ba. Shirin ya tsaya bayan shekara guda. Yau yana koyar da lissafi a Daejeon, yana da 'ya'ya biyu.

Ba ki haihu ba. Kwana ukun zaman makoki, Hwi-chan ne ya ɗaura ƙyallen makoki a hannu, ya tsaya inda ɗa yake tsayawa yana karɓar masu gaisuwa. Ya nemi iznina tukuna. Na ce masa ai ba sai ya tambaya ba.

Allah ya jiƙanki, ya sa kin huta, ya saka miki da abin da kika yi wa 'ya'yan mutane. Ina miƙa ta'aziyyata ga ƙaninki Pyo Man-seok da iyalinsa, da abokan aikinki da suka rage, da ɗanmu.

Bang Ok-bun, Incheon