Abin da Na'ibi Ya Tarar a Gaɓar Allit

A Jidda aka haifi Na'ibi, a bukkokin Takari da ke kudu da tsohuwar ganuwa. Ubansa Mahmudu ya taso daga ƙasar Haɗeja da ƙafa, ya yi hajjinsa, ya yi aure, bai koma ba. Na'ibi bai taɓa ganin ƙasar Hausa ba. Hausarsa cakuɗe take da Larabci, in ya fusata kuwa sai Larabcin zalla, kuma ba shi da wuyar fusata. Dogo ne mai faɗin kafaɗa. Da dako ya fara a tashar jiragen ruwa, yana sauke buhunan shinkafa da siminti, har ranar da shugaban 'yan dako ya tsula masa igiya a baya a gaban mutane. Na'ibi ya dire buhun, ya kai masa naushi, muƙamuƙin mutumin ya goce. Aka yi masa bulala, aka kore shi daga tasha.

Wani ɗan kasuwa mutumin Hadramaut ne ya ɗauke shi aikin lodi a babbar motarsa. Can ya koyi tuƙi, motar ta dawo hannunsa. Hanyarsa guda ce, daga Jidda zuwa Allit, wani ƙaramin gari a bakin teku can kudu. Yana kai sukari da shayi da kananzir, ya dawo da busasshen kifi da gawayi da gero. Abokin tafiyarsa Abdulghani ne, Bahaushen Sudan mai sanyin hali, wanda ya girme shi. Mutane na cewa shi kaɗai ke iya riƙe Na'ibi in ransa ya ɓaci.

A lokacin babu kwalta. Sawun motoci ake bi tsakanin teku da duwatsu, a ratsa fadamun gishiri waɗanda samansu ya bushe amma ƙarƙashinsu taɓo ne. Sai an wuce rijiyar da alhazan Yaman ke ɗaura harami, a ci gaba da nutsawa kudu, kafin a hango dabinon garin.

Na'ibi ya ƙaunaci Allit fiye da yadda baƙo ke ƙaunar gari. In ya dawo Jidda ya zauna a ƙofar gida, labarinsa kenan. Garin yana bakin wani babban kwari da ke gangarowa daga duwatsu. In ruwa ya sauka a can sama, ambaliya ta zo ta wuce, sai mutane su bi laimar su shuka gero da dawa da riɗi, abin da ke tuna masa da labaran ubansa. Yawancin gidajen bukkoki ne, sai 'yan ɗakunan dutsen teku kusa da kasuwa. Tsofaffin garin suna ba shi labarin sojojin Turkawa da suka taɓa zama a wurin, da jiragen ruwan Yaman da Habasha da ke tsayawa tun zamanin kakanninsu. A gaɓar tekun akwai kurmin itatuwa da ke tsiro cikin ruwan gishiri, raƙuma na kutsawa har ƙirji su ci ganyensu. Masunta sun taɓa fita da shi tsibiran da ke gaba, ya ga kunkurun ruwa suna haƙa rami, ya ga wani kifi mai ɗigo-ɗigo da ya kai tsawon kwalekwale amma ba ya taɓa mutum. Can gindin duwatsu kuma akwai idon ruwan zafi mai tururi, inda masu ciwon gaɓoɓi ke zuwa wanka. Tsofaffin unguwarsu da dama ya ɗora a kan kaya ya kai su can.

Wajen 1955, wata safiya suna dawowa, motar ta kafe a fadamar gishiri, ba nisa da garin. Suka haƙa, suka tura, ta ƙi. Na'ibi ya ɗauki gatari, Abdulghani ya bi shi, suka nufi kurmin bakin teku don su saro rassan da za su sa wa tayoyi. Suna kusa da kurmin suka ji kukan mata, kuma da Hausa ake kukan.

Suka leƙa ta cikin ganye. Wani jirgin ruwa na katako yana nesa da gaɓa, ya ɗaga filafilansa yana komawa. A kan yashi mutane ne masu yawa, ƙafafunsu duk taɓo, leɓunansu sun tsage don ƙishi. An ɗaure mazan da igiya ɗaya, an durƙusar da su. Wasu mutum uku da suka rufe fuska da rawani suna jan mata da yara zuwa inda raƙuma ke gurfane. Ɗayansu na riƙe da bindiga. Wani dattijo ya riƙe hannun 'yarsa ya ƙi saki, aka buga masa gindin bindiga a baki, haƙoransa suka zubo a yashi.

Mutum na huɗu bai rufe fuska ba, shi ne ke yi wa mutanen tsawa da Hausa. Na'ibi ya gane shi. Usuman ne, ɗan unguwarsu, wanda aka sani da zuwa Sudan yana rako alhazan da ba su da takarda. Kullum yana cikin farar riga, ana gaishe shi da girma a masallaci.

Abdulghani ya riƙe hannun Na'ibi, ya raɗa masa su koma gari su kira askarawa. Na'ibi ya ce kafin su je su dawo raƙuman sun shige duwatsu. Ya fizge hannunsa ya fita fili.

Usuman ya gan shi, ya yi murmushin dole. Ya ce masa ya koma wurin motarsa, wannan ba sha'aninsa ba ne.

“'Ya'yan Musulmi kake sayarwa, Usuman?” in ji Na'ibi.

Mai bindiga bai jira amsa ba. Ya ɗaga ya harba. Abdulghani, wanda ya biyo bayan Na'ibi don ya janye shi, shi harsashin ya samu a wuya. Ya zauna a ƙasa, ya dafe wurin, jini na tsartuwa ta tsakanin yatsunsa.

Bindigar irin ta da ce, sai an sake ɗura ta. Kafin mutumin ya gama Na'ibi ya iso kansa. Ya sauke masa gatari a hannu, ƙashi ya karye, bindigar ta faɗi. Na biyun ya zaro lanƙwasasshiyar wuƙa daga ɗamararsa ya yanke Na'ibi tun daga kunne har haɓa. Na'ibi ya saki gatarin, ya rungume shi, suka faɗi tare cikin ruwa. Ya yi ta gwara kan mutumin da saiwar itace har wuƙar ta suɓuce. Mazan da ke ɗaure suka miƙe gaba ɗaya da igiyarsu, suka auka wa na ukun, suka danne shi da gwiwoyi. Raƙuma suka firgita suka tashi suna ruri. Masu rawanin suka samu suka kuɓuce, suka ja mai karyayyen hannu, suka haye raƙumi suka gudu.

Usuman ya ruga cikin kurmi, taɓo ya kama shi har cinya. Wata mata mai goyo ta bi shi. Sunanta Mastura. Mijinta ya yi gardama a tsakiyar teku da ya ga jirgin ya kauce daga hanyar Jidda, aka soke shi aka jefa shi ruwa a gabanta, Usuman na kallo. Ta cim masa ta baya, ta cafki wuyan rigarsa, ta tura fuskarsa cikin taɓon, ta hau bayansa da gwiwa. Ya yi ta shure-shure, jaririn bayanta na tsala kuka, ba ta ɗaga ba. Ko da Na'ibi ya iso yana tangaɗi, jini ya rufe masa ido ɗaya, Usuman ya daina motsi.

Ya ɗaga ta. Ya dube ta, ya dubi yaron.

“Ki wanke hannunki a teku, ki koma cikin mata,” ya ce. “Ni na kashe shi. Halas, magana ta ƙare.”

Abdulghani ya cika kafin askarawa su iso. A Allit aka binne shi, masuntan garin suka yi masa salla.

Na'ibi ya gaya wa askarawa shi ya danne Usuman, ya maimaita haka gaban alƙali. Alhazan da suka ga abin da ya faru ba wanda ya musa. Daga baya matarsa Sauda ta tambaye shi dalili. Ya ce matar baƙuwa ce, ba takarda, ba dangi, ga jariri, shi kuwa yana da mutane a gari da za su tsaya masa. Dangin Usuman suka nemi a kashe shi. Shari'ar ta ja, ya daɗe a tsare, raunin fuskarsa ya ruɓe ya warke a karkace. Daga ƙarshe alƙali ya karɓi shaidar alhazan, ya ce mamacin ɗan ta'adda ne da ya kai 'yantattun Musulmi ga masu sayen bayi, aka saki Na'ibi.

Ya fito ya tarar unguwa ta rabu. Wasu na ganinsa gwarzo. Wasu ba su yarda Usuman zai aikata haka ba, suna cewa zafin ran Na'ibi ne ya sake jawo masifa, har ya ci ran Abdulghani. Wannan maganar ta ƙarshe ita ta fi yi masa ciwo, don shi ma yana ganin akwai gaskiya a cikinta. Bai ƙara bin hanyar Allit ba. Ya koma jigilar kifi a cikin gari. Mastura kuwa Sauda ce ta riƙe ta a gidansu kamar ƙanwa, har ta samu aikin wanki, ta auri wani tela, suka tare a kudancin gari.

Usuman yana da ƙane, Abdulghaffar, ɗan dako a tasha. Bai taɓa yi wa Na'ibi magana ba, ko a hanya suka haɗu sai ya tofar da yawu ya wuce. Shekaru suka shuɗe, har aka yi shelar hana bauta a ƙasar baki ɗaya, mutane suka ɗauka maganar ta mutu. Wata rana da hantsi Na'ibi na sunkuye yana ɗaga kwandon kifi a kasuwar bakin teku, Abdulghaffar ya zo ta bayansa ya kafta masa ƙugiyar dako a kafaɗa, ya ja. Naman ya yage har ƙashi. Na'ibi ya juya da ƙugiyar a jikinsa, ya shaƙe shi da hannu ɗaya, ya maka shi da teburin mai kifi. Suka yi ta birgima cikin ƙaya da ruwan ƙarni. Ya karya masa haƙarƙari, ya fasa masa hanci, kuma da masu kifi ba su taru sun ɓamɓare shi ba, da ya ƙarasa shi. Aka kwashi su biyun zuwa asibiti. Hannun Na'ibi na hagu bai sake ɗaguwa ba.

Da labari ya kai wa Mastura, ta yafa mayafi ta tafi gidan su Usuman, ba ta shawarci kowa ba. Tsakar gidan cike yake da mata masu jajen raunin Abdulghaffar. Ta durƙusa gaban tsohuwar da ta haifi Usuman, ta gaishe ta, ta faɗi yadda aka kashe mijinta a teku, da abin da aka yi musu a gaɓa.

“Inna, ba Na'ibi ya kashe ɗanki ba,” ta ce. “Ni ce. Da hannun nan nawa. In akwai mai neman jini, ga ni.”

Wata daga cikin matan ta wanka mata mari, wata ta jefe ta da murfin tukunya ya fasa mata goshi. Tsohuwar ta ɗaga hannu, suka tsaya. Ta dubi Mastura, ta ce a buɗe mata hanya ta fita, kuma kada wanda ya kai maganar gaban hukuma. Ba a kai ba. Da Na'ibi ya ji, ya yi fushi da Mastura ƙwarai, ya ce ta zubar da wahalar da ya sha. Ta aiko masa da cewa ta gaji da ganin ana yanka shi a madadinta.

Tuƙi ya gagare shi da hannu ɗaya. Ya kafa teburin shayi a Sharafiyya, lokacin unguwar na cika da shaguna da baƙi, Sauda na dafa masa wake da safe yana sayarwa. Zafin ransa bai tafi ba, sai dai ya koma na baki. A 1977 zazzaɓi ya kwantar da shi, ya rasu a gidansa. Mutane da yawa sun zo jana'izar, har da wasu da ya tarar a gaɓar nan suna yara, yanzu sun zama magidanta. Abdulghaffar ma ya zo. Ya tsaya a sahun baya, aka sallaci gawa, ya sa takalmansa ya tafi, bai yi wa kowa gaisuwa ba.